Magamar Ruwa

Duk wanda ya yi damina guda a Gombe ya san halin ruwanmu. Hadari ya taso daga gabas, a yi ruwa na sa'a ɗaya, kafin a ɗauke sai ka ji kwari yana ruri. Bayan sa'a biyu ko uku ruwan ya wuce, ya bar yashi da shara, yara suna ta wasa a wurin da ɗazu ko ƙato bai isa ya tsaya ba. Garinmu ba shi da babban kogi a cikinsa, amma yana da kwaruruka da magudanan ruwa masu yawa, ko wannensu kuwa yana da inda ya ke gamuwa da ɗan'uwansa. Wannan wuri shi a ke kira magama, waɗansu su ce mahaɗa.

In ka bi kwari da safe bayan an kwana ana ruwa, ka duba da kyau, za ka ga sau da yawa inda gaɓa ta fi zabtarewa, da inda ruwa ya hau ya shiga gidaje, kusa da magama ne. Akwai dalilin haka. A darasin lissafi biyu da uku biyar ne, magana ta ƙare. Amma ruwa biyu in sun gamu, kafin su zama ɗaya sai sun yi ture-ture tukuna. Mai ƙarfi ya kan tare marar ƙarfi, su haƙa rami a nan, su zuba yashi a can. Ko wane abu yana da wurinsa, tsarin kuwa ɗaya ne, ko a ɗan lambatun Tudun Wada ko a Lakwaja. Mu da a ke shiryawa domin koyarwa ya kamata mu san waɗannan wurare, gama yaran da za a danƙa mana su ne masu ƙetare kwari safe da yamma.

INA RUWANMU YA KE ZUWA?

Bari mu fara da labarin ƙasarmu. Garin Gombe a gangare ya ke, yamma ta fi tudu, saboda haka ruwan da ya zuba a garin gabas ya ke nufa, wajen Kogin Gongola. Ruwan da ya sauko daga indararon gida ya bi kwararo ya shiga lambatu. Lambatu ya zuba a ƙaramin kwari, ƙarami ya zuba a babba, haka haka har a kai kogi.

Shi Gongola daga tsaunukan Jos ya taso. Ya yi arewa maso gabas har Nafada, sa'an nan ya karyo kudu, ya bi ta Dadin Kowa, inda aka gama ginin madatsar ruwa a 1984. Can gaba Kogin Hawul ya same shi daga wajen tudun Biu. Ya wuce madatsar Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Binuwai kuma ya bi ta Makurɗi, ya gamu da Kwara a Lakwaja, su biyu su gangara teku. Ashe ɗigon ruwan da ya faɗi bisa kwanon ajinmu, in ƙasa ba ta shanye shi ba, rana kuma ba ta ɗauke shi ba, sai ya wuce magama bayan magama kafin ya ɗanɗana gishirin teku. Hausawa sun ce kogi ba ya ƙin yayyafi. Gaskiya ne, amma yadda ya ke karɓar ƙarin da a ke kawo masa shi ne darasinmu.

LISSAFIN FARKO

Doka ta fari ita ce, ruwa ba ya ɓacewa a magama. Abin da ya shigo ta hanya biyu, tilas ya fita ta hanya ɗaya. Auna ruwan da ke wucewa kuwa ba wuya: faɗin hanya sau zurfin ruwa sau gudunsa cikin daƙiƙa guda.

Ga misali. A ce akwai lambatu mai faɗin ƙafa 6, zurfin ruwan cikinsa ƙafa 2, yana gudun ƙafa 3 a daƙiƙa. 6 sau 2 sau 3, 36 ke nan. Watau ko wace daƙiƙa akwati 36 na ruwa ke wucewa, in mun ɗauki akwati mai ƙafa guda a tsawo da faɗi da zurfi, wanda ya ke cin wajen garwa ɗaya da rabi. Wani lambatu kuma ya shigo daga gefe, faɗinsa ƙafa 4, zurfi ƙafa 2, gudu ƙafa 3, nasa 24 ke nan. Jimla 60. To, in magini ya bar faɗin hanyar ƙafa 6 kamar dā, ta ƙaƙa akwati 60 za su wuce? Ko dai ruwan ya ƙara gudu, daga ƙafa 3 ya koma ƙafa 5 a daƙiƙa, ko kuwa ya ƙara zurfi, daga ƙafa 2 ya koma ƙafa 3 da inci 4. Galibi ya kan yi duka biyu, kaɗan daga wannan, kaɗan daga wancan. In tsawon bangon lambatun bai kai haka ba, kun ga inda sauran zai nufa: gidajen mutane.

Kada a raina ƙarin gudu. In gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da ya ke tunkuɗa abin da ya tare masa gaba ya kan ninka huɗu. Shi ya sa ruwan da bai kai gwiwa ba ya kan ka da babban mutum, balle ɗan aji ɗaya.

WURARE SHIDA

Masana sun daɗe suna binciken magama. Wani injiniya a Amurka mai suna Taylor ya gwada ta cikin ƙananan magudanai na gwaji a 1944. Wani kuma, Mosley, ya haƙa nasa cikin yashi a 1976. A 1987 James Best, mutumin Ingila, ya kasa magama kashi shida, har yau kuwa ana aiki da wannan kashi. Ku ɗauka muna tsaye a kan gaɓa, muna duban inda ƙaramin kwari ya shigo babba daga gefe. In na ce sama, ina nufin wajen da ruwa ya fito, in na ce ƙasa, wajen da ya nufa.

1. Bakin hanci. Tsakanin hanyoyin biyu akwai ɗan tudun da ya raba su, ya ƙare da tsini kamar hanci. Daidai gaban hancin nan ruwa ya kan yi kamar ya tsaya, domin ko wane gefe yana tokare da ɗaya. Nan ruwan ya kan ɗan tashi fiye da na kewaye, kara da ganye su yi ta shawagi, ba su gaba ba su baya.

2. Wurin ture-ture. Ruwan ƙaramin kwari ya shigo da ƙarfinsa, ya tura na babban zuwa ɗaya gaɓar. Na babban kuma ya lanƙwasa shi, ya tilasta masa ya juya ya bi gangare. Wanda ya fi yawa da gudu shi ke cin fili.

3. Layin gamo. Inda ruwan biyu su ke gogar juna akwai layi, a kan gane shi da kumfa da ƙananan juyi masu bin juna kamar an jera su. In launin ruwan ya bambanta, layin ya kan fito sarai.

4. Lungu. Ruwa mai gudu ba ya iya shan kwana mai tsini, kamar yadda mai keke a guje ba ya iya shanta sai ya buɗa. Saboda haka ruwan ƙaramin kwari ya kan rabu da gaɓarsa daga kwanar, ya yi tsakiya, ya bar wani lungu a gefe. Cikin lungun nan ruwa yana juyawa a hankali, har na bakin gaɓa ya kan koma da baya. Nan yashi da laka da leda su ke taruwa.

5. Matsatsi. Tun da lungu ya cinye wani sashe na faɗin hanya, sai dukan ruwan ya matsu cikin abin da ya rage. Mu koma ga lissafinmu. In lungu ya ci ƙafa 2 cikin 6, saura 4. Ko da zurfi ya hau ya kai ƙafa 3, sai ruwan ya yi gudun ƙafa 5 a daƙiƙa kafin akwati 60 su wuce. Babu inda ruwa ya ke gudu a magama kamar nan.

6. Wurin shiryawa. Can ƙasa lungu ya ƙare, ruwa ya sake cika faɗin hanya, juyi ya ragu, sannu a hankali su biyu su zama ɗaya.

Abu biyu ke sa waɗannan wurare su girma ko su ƙanƙance. Na ɗaya, yadda hanyoyin suka gamu. In sun gamu kamar hannuwan harafin Y, kusan fuska ɗaya suka nufa, faɗan kaɗan ne. In kuwa ɗaya ya soki ɗaya a ciki kamar harafin T, lungu ya kan yi girma, matsatsi ya tsananta. Na biyu, yawan ruwan ko wanne. Gwargwadon ƙarfin mai shigowa daga gefe, gwargwadon nisan da zai tura uwar hanya.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Wannan duka a fuskar ruwa ne. Me ke faruwa a gindi? Sa'ad da ruwa biyu suka yi karo, su kan nutsa a layin gamo, su bugi gindi, su bazu hagu da dama, su sake tasowa, suna tafiya suna murɗawa kamar igiya. Murɗawar nan, tare da gudun matsatsi, ita ke kwashe yashi ta haƙa dogon rami a tsakiyar magama. Mosley ya ga ramin ya kan daɗa zurfi in hanyoyin sun gamu a gicciye, ya kan kuma fi zurfi in ruwan biyu sun yi kusan daidai da juna. A 1997 Best da abokin aikinsa Ashworth suka ba da labarin awon da aka yi a Bangaladash, inda manyan kogunan nan Ganjis da Jamuna su ke gamuwa, aka tarar ramin magama ya kan kai ninki biyar na zurfin kogi.

Abin tsoro shi ne, ramin ya fi zurfi sa'ad da ruwa ya ke kan ganiyarsa. Da ruwa ya soma janyewa, sai yashi sako-sako ya rufe wani sashe nasa. Yaron da ya saba bin wurin da rani, a ganinsa ya san shi sarai. Ranar ruwa kuwa, inda ya saba sa ƙafa ya zama rami, bakinsa kuma da an taka ya zube.

Gaɓar da ke fuskantar bakin ƙaramin kwari ita ke shan duka. Ruwa yana cin gindinta, samanta ya rataya, ya tsage, ya faɗo. Ƙasar Gombe kuwa galibi yashi ce da dutse mai saurin rugurgujewa, ba ta jimrewa. Yashin da ke taruwa a lungu kuma yana daɗa tura ruwa wancan gefe, saboda haka kwarin ya kan yi ta matsawa shekara-shekara wajen gidan wanda ya yi gini a kan gaɓar.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu ƙwarai. Tun 1802 wani malamin Sikotilan, John Playfair, ya lura cewa ƙaramin kogi ya kan zaizaye gindinsa har ya sadu da babba daidai wa daida, ba mataki tsakaninsu. To, a ce babban kwari ya daɗa zurfi da ƙafa 5. Ƙaramin da ke zuba cikinsa sai ya zama a rataye, ruwansa yana faɗowa kamar daga indararo. Faɗowar nan tana cin gindin matakin, matakin ya rushe, ya ja da baya. Haka zai yi ta ja da baya, ya bi ƙaramin kwari, ya bi lambatu, har ya iso kwararon unguwa. Kwarin da ke cin gidaje a nan, sau da yawa a wata magama can ƙasa ya fara. Don haka masu gyaran kwari su kan ɗaure bakin ko wane reshe da siminti da duwatsu, su yi wa ruwa matakala ya sauka a hankali. Mai son gani da idonsa ya je da rani ya duba kwarin da ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna da Kagarawal, wanda aka gyara da taimakon Bankin Duniya, ya lura da yadda aka yi da bakin rassansa.

MAI ƘARFI YA TARE MARAR ƘARFI

Mutane da yawa suna tsammani ambaliya sai ƙasa da magama, inda ruwa ya taru. Amma na sama da ita ma yana cikin hatsari. In babban kwari ya cika ya batse, ya kan zama kamar bango a bakin ƙaramin. Ruwan ƙarami ya zo ya rasa ƙofa, ya tsaya, na baya ya taru a kansa, ya yi ta hawa. Wani lokaci ma ruwan babban ya kan shiga ƙaramin ya hau shi da baya. Shi ya sa za ka ga gida nesa da babban kwari, a bakin ɗan lambatun da ba a kula da shi ba, ruwa ya shigo masa ta rariya, ta inda ya saba fita.

Domin mu ga wannan da girmansa, bari mu je Sudan, birnin Hartum, wanda alhazanmu na dā masu tafiya ta ƙasa suka sani. Nan ne Farin Nilu, wanda ya fito daga wajen Tafkin Biktoriya, ya ke gamuwa da Shuɗin Nilu, wanda ya gangaro daga tsaunukan Habasha. A bakin Shuɗin nan ne mutanenmu da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno. Farin Nilu mai natsuwa ne, yawan ruwansa ba ya sakewa ƙwarai rani da damina. Shuɗin kuwa wajen Agusta da Satumba ya kan taso da ƙarfi, cike da laka, ya tare Farin kamar madatsa, har Farin ya koma kamar tafki, ya yi ta jira sai ɗan'uwansa ya sauka.

A ƙasarmu kuma, Kwara da Binuwai dukansu wajen Satumba da Oktoba su ke cika. In cikarsu ta zo lokaci guda, ko wanne ya tare ɗaya a Lakwaja. Haka aka yi a 2012, shekarar da aka yi ruwa mai yawa, aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru cikin Binuwai. Ruwa ya hau hanyar Abuja zuwa Lakwaja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 363 suka mutu a ambaliyar wannan shekara a faɗin Nijeriya, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. A 2022 ruwa ya sake datse hanyar.

Ku lura da maganar lokaci guda, gama ita ce damuwarmu a nan gida. Tun da aka mai da hedkwatar masarauta nan Doma a 1919, balle tun 1996 da Gombe ta zama babban birnin jiha, gari yana ta faɗaɗa. Inda dā gona ce ko daji, ƙasa tana shan ruwa, yanzu kwano ne da siminti da kwalta. Ruwan da dā ya kan ɗauki sa'o'i yana tsiyaya, yanzu cikin mintoci ya ke isowa, rassan duka kuma su kawo nasu tare. Manyanmu ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2004 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje a garin nan.

GAMUWA DABAM, GAURAYA DABAM

Ruwa biyu su kan daɗe cikin hanya ɗaya ba su gauraya ba. Wanda ya hau Dutsen Patti a Lakwaja ya kan hangi layin da ya raba ruwan Kwara da na Binuwai. Misalin da ya fi shahara a duniya yana Birazil, kusa da birnin Manawus. Can Kogin Negro, mai ruwa baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara, ya ke gamuwa da babban Kogin Amazon, mai launin kunu saboda laka. Su kan yi wajen mil 4 kafaɗa da kafaɗa, ko wanne da launinsa. Dalili kuwa, baƙin ya fi ɗumi, mai lakar ya fi sanyi da nauyi, gudunsa kuma ya ninka na baƙin biyu ko uku.

Amfanin sanin wannan a gare mu ga shi. In wani lambatu ya kawo ƙazanta ya zuba a rafi, ƙazantar ba ta watsuwa nan da nan. Ta kan manne wa gaɓar da ta shigo ta wajenta, ta bi ta da nisa. Mai wanki ko mai shayar da dabba a wannan gefe, ko da ya yi nisa da bakin lambatun, kusan ruwan lambatun zalla ya ke taɓawa.

GWAJI A FILIN MAKARANTA

Gani ya kori ji. Wannan darasi ba ya bukatar kayan kanti. A nemi yashi mai ɗan damshi, da buta biyu manya, da jar ƙasa, da ƙaiƙayi, da tsinke, da kwalin ashana huɗu.

A baza yashi a wuri mai ɗan gangare, kaurinsa kamar taƙi guda. A haƙa hanya biyu masu faɗin tafin hannu, su gamu kamar harafin Y. A dama jar ƙasa cikin buta ɗaya. Yara biyu su riƙa zuba ruwa a hankali ba tsayawa, ko wanne a kan hanyarsa, na uku ya yayyafa ƙaiƙayi. Sauran su tsuguna su nemi bakin hanci, da layin gamo, da lungu. Bayan ruwa ya tsane a auna zurfin ramin da tsinke, a yi masa alama.

Sa'an nan a share, a sake haƙawa kamar harafin T. Kafin a zuba ruwa, a ajiye kwalayen ashana a matsayin gidaje: ɗaya a gaɓar da ke fuskantar bakin ƙaramar hanya, ɗaya a gefen lungu, ɗaya a bakin ƙaramar hanya sama da magama kaɗan, ɗaya can nesa a kan tudu. A tambayi yara wane gida zai fara faɗawa, wanne kuma ruwa zai fara shiga. A rubuta amsoshinsu a allo tukuna, kāna a zuba. Daga nan a gwada da ruwa mai yawa a babbar hanya, kaɗan a ƙarama, su ga yadda ƙaramar ta ke cika da baya. A ƙarshe a cusa ɗan ganye da leda a magamar, a sake zubawa. Malam ba zai bukaci yin dogon bayani a kan zuba shara ba.

ABIN DA ZA MU GAYA WA YARA DA IYAYENSU

Na fari, ba a shiga kwari ruwa yana gudu, balle a magama ko ƙasa da ita kaɗan. In ba gada, a jira. Ruwan kwaruruka namu sa'o'i kaɗan ya ke yi, makara kuwa ta fi rashin zuwa har abada. Malamin da ya hukunta yaro domin ya tsaya jiran ruwa ya wuce, ya koya masa ya faɗa ruwa gobe.

Na biyu, ko ba a yi ruwa a unguwarmu ba, in an ga hadari ya zuba a yammacin gari, yara su fita daga kwari, gama ruwan yana tafe.

Na uku, kada a zuba shara a lambatu da nufin ruwa ya tafi da ita. A lungun magama ta fari za ta tsaya, ta matse hanya, ruwan kuma ya komo wa mai ita ko maƙwabcinsa.

Na huɗu, mai neman fili ya dubi wuri biyu da idon basira: gaɓar da ke fuskantar bakin wani kwari, da kwarin gefe sama da magama. Araharsu tana da dalili. Kada kuma a ɗebi yashin gini daga gindin gaɓa.

Na biyar, in mutanen unguwa za su haɗa lambatu da lambatu, su sa magini ya karkato da ƙaramin ya bi fuskar babban kamar Y, ya kuma ƙara faɗi ko zurfi daga magamar zuwa ƙasa. In an ga gaɓa ta tsage, ko mataki ya fito a bakin wani reshe, a gaya wa mai unguwa tun da rani, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYOYI

1. Lambatu biyu sun gamu, ɗaya yana kawo akwati 40 a daƙiƙa, ɗaya 32. Faɗin hanyar ƙasa da magama ƙafa 8 ne, zurfin ruwa ƙafa 3. Nawa ne gudun ruwan?

2. Me ya sa yashi ya ke taruwa a gefen da ƙaramin kwari ya shigo, alhali ɗaya gefen yana zabtarewa?

3. Zāna taswirar hanyar da ka ke bi daga gida zuwa makaranta, ka sa alama a ko wace magamar ruwa da ka ke wucewa.

Ina roƙon 'yan'uwana masu fita koyarwar gwaji su ba ajinsu tambaya ta uku tun makon fari, kafin marka ta kankama, su kuma manna taswirorin a bango inda ko wane yaro zai gani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana yaranmu.